Kuɗin Inuwa

Aikina zama inuwa.
Taku uku a bayan yaro ɗan shekara tara,
bindiga a ƙarƙashin riga, waya a kunne,
daga ƙofar gida a Kantomen har ƙofar aji.
In ya shiga bayi, ni ne a bakin ƙofa.
Kobina sunansa. Ubansa minista.
Shi bai taɓa tsayawa zaɓe ba, ko na monita.

Ran Talata rediyo ta yi lissafinmu:
mota biyu, ƙarti huɗu, mai, alawus, takalma,
aka haɗa jimla aka karanto ta sidi-sidi,
aka ce da wannan kuɗi da an rufe kwatar Nima
mai haɗiye yara duk damina.
Hannuna bai kai ga canja tasha ba. Direba ya yi gum.
Can sai murya daga kujerar baya:
"Sajan Mumuni, ni ne nake da tsada haka?"
Na ce, "Ɗaura bel ɗinka."

To me zan ce masa?
Kwatar nan na san warinta, ɗakina na gefenta.
Zuwera tawa sa'arsa ce, wata biyu ta ba shi,
ita ke tsallaka titin Kanda da ƙafarta kowace safiya,
kuɗin koko a ƙulle a bakin hijabi,
tana ratsa motocin haya da 'yan babur.
Mai gadinta addu'ar da uwarta ke tofa mata a ka.
Mai rediyo bai yi ƙarya ba.
Harajin da tsohuwata ke biya kan faifan goro
yana cikin man da muke ƙonawa a cunkoso.

Sai dai ni na tsinci takardar da aka jefo ta katanga,
ba suna, ba sa hannu,
lokacin tashinsu daga makaranta kawai
da launin jakarsa.
Ita ba a karanta ta a rediyo ba.

Sau ɗaya na karya doka.
Ya daɗe yana roƙo: ƙosai, na gaske,
mai zafi, cikin takarda.
Na tsaya da shi wurin Iya Safura, gefen masallaci a Mamobi.
Ya ci huɗu. Yaji ya zubo masa hawaye da majina,
yana dariya, mai har gwiwar hannu.
Minti shida, na duba agogo.
Kafin la'asar hoton ya gama zaga wayoyin gari:
"Ɗan minista na kuka, talakawa ku zo ku lallashe shi."
Mun taso ana cewa ɗan kuka ke ja wa uwarsa jifa.
A nan kukar ce ta ja wa ɗanta.

Ni takardar gargaɗi aka ba ni, na ninke na sa a aljihu.
Shi kuwa tun ranar ya iya abin da manya
ba sa iyawa sai da furfura:
sunkuyar da kai da zarar an ɗaga waya.
Ko a Labadi, teku na lasar ƙafarsa,
hannayen mutane yake kallo.

Jiya ya ce, "In Baba ya faɗi zaɓe, za ka tafi?"
Na ce zan tafi.
Ya yi shiru har muka wuce fitila biyu.
"To ranar zan iya komawa wurin mai ƙosai?
Ba wanda zai san ni?"

Sha ɗaya na dare na isa Nima.
Na cire harsashi, na tura ƙarfen ƙarƙashin katifa.
Zuwera ta motsa cikin barci, ta kama yatsana:
"Baba, gobe kai za ka raka ni?"
Na ce in Allah ya yarda,
na saita ƙararrawa ƙarfe huɗu da rabi.